Babi na Biyar: Kwance Ƙulli, ko Yadda Ake Gano Amsar da Aka Ɓoye a Magana

Kacici-kacici magana ce da aka ƙulla da gangan domin wani ya kwance. Mai ƙullawa ya san amsa, kuma ya ajiye ta a cikin maganar, sai dai ya lulluɓe ta da wani zance da zai ja hankalin mai sauraro zuwa wani waje dabam. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya a fili ba. Duk wasannin ɓoye amsa a kan wannan ƙa'ida suke tsaye, tun daga na yara a dandali har zuwa na malamai a zaure da na jaridun Ingila. Abin da ya bambanta su shi ne inda aka ɓoye amsar: wani ya ɓoye ta a siffar abu, wani a gaɓoɓin kalma, wani a lissafin haruffa.

Dandali

A ƙauyukan gabashin Birnin Gwari, irin su Kutemeshi da Kuyello da Tabanni da Dogon Dawa, kamar sauran ƙasar Hausa, lokacin kacici-kacici dare ne, bayan an ci tuwo an yi sallar lisha, musamman da kaka idan an kawar da masara da dawa jiki ya huta. Yawanci shi ne share fagen tatsuniya. Mai tambaya yakan buɗe da "Ƙulunƙulufita", sauran su amsa da "Gauta". Wannan ta farko ba a gano ta da tunani, haddace ta ake yi, kuma aikinta shi ne sanar da kowa cewa wasa ya fara, daga nan duk maganar da za ta fito tana da baki biyu.

Idan an yi tambaya aka kasa, ba a ba da amsa kyauta. Mai tambaya zai ce a ba shi gari. Sai wanda ya kasa ya ce, "Na ba ka Funtuwa," ko Zariya, ko Kaduna. Yana iya ƙin karɓa idan ya ga garin bai kai nauyin tambayarsa ba, har sai an ba shi Kano ko Makka, sa'an nan ya buɗe. Wannan ɗan ciniki yana da amfani fiye da yadda ake zato. Yana ba masu tunani ƙarin lokaci, yana rage wa wanda ya kasa kunya, yana kuma koya wa yaron da bai taɓa wuce kasuwar garinsu ba sunayen garuruwa da darajarsu.

Wanda ya ƙware a amsawa, abu na farko da yake yi shi ne ya cire mutanen da ke cikin tambayar. Baba da iya da shanu da rawani duk rufi ne. Idan aka ce "Baba na ɗaka, gemu na waje", mai garaje zai tsaya yana hango tsoho a kwance. Gwani kuwa zai yar da tsohon ya riƙe alaƙar da ta rage: abu ne guda, jikinsa a ciki, wani sashensa ya leƙo waje, kuma sashen nan yana da launin furfura da laushin gashi. Da an kai nan, wuta da hayaƙi sun bayyana. Kalmar gemu ba a banza aka zaɓe ta ba, ita ce ta ɗauko launi da siffa, kuma ita ce adalcin da mai tambaya ya yi wa mai amsa.

Abu na biyu shi ne neman inda magana ta ci karo da hankali, domin a nan ƙullin yake. Babu makiyayin da ke ɗaure shanu dubu da igiya ɗaya, saboda haka "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" ba zancen garke ba ne, zancen abu ne mai yawa siriri da ake haɗe wa ƙugu wuri guda, wato tsintsiya. "Rawanin baba ya faskara naɗuwa" yana neman dogon abu shimfiɗaɗɗe wanda ba hannun da zai tattara shi, wato hanya. "Iya ta zaga, baba ya zaga, ba su haɗu ba" yana neman tagwayen da wani abu ya shiga tsakaninsu har abada, kuma mai amsar yana ɗauke da su a gefen kansa, su ne kunnuwa.

Abu na uku ya fi sauran muhimmanci, ko da yake ba a cika faɗarsa ba. Amsar kacici-kacici ba ta yin nisa. Tana cikin gida, ko gona, ko jikin mutum, ko sama da ake gani kullum. "Uku-uku ta gama gari" abu ne mai sauƙi ga yarinyar Kutemeshi da ta tashi tana hura wuta tsakanin duwatsun murhu. Takwararta da ta girma a gidan da ake girki da gas a Kaduna za ta iya kwana tana tunani, ba don ta fi ta ƙarancin basira ba, sai don abin da ake nufi ya fita daga idonta. Tambaya takan mutu idan abin da take siffantawa ya bar rayuwar mutane. Shi ya sa wasu daga cikin waɗanda Turawan farko suka tattara, kamar na littafin Merrick na 1905 da na Fletcher na 1912, yau sai an yi wa matashi bayanin amsar kanta kafin ya ga daɗin tambayar.

Wasan yana da rauni guda. Sau da yawa amsa biyu ko uku kan dace da tambaya ɗaya, amma ba a karɓar kowace sai wadda aka gada. Yaron da ya kawo sabuwar amsa mai ma'ana akan ce masa ya faɗi, alhali ya yi tunani fiye da wanda ya haddace. Tambaya mai kyau ita ce wadda idan an buɗe ta gardama ta ƙare, kowa ya ce ai kuwa haka ne.

Akwai kuma abin da ya fi sauyin zamani yi wa wasan illa a wannan yanki. Kacici-kacici na buƙatar dare mai kwanciyar hankali, kuma shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dazukan Birnin Gwari sun ƙwace wa mutane darensu. Kutemeshi kanta an kai mata hari a watan Fabrairun 2021 aka kashe mutane. Inda uwa ke kasa kunne ga ƙarar babura ba ta barin yara su fita dandali, kuma yaran da suka yi ƙuruciyarsu a wannan hali sun rasa makaranta guda da ba a biyan kuɗinta. Sulhun da gwamnatin Kaduna ta ƙulla a ƙarshen 2024 ya buɗe hanyoyi da kasuwanni, amma dawo da hirar dare aiki ne na iyaye da kakanni da malaman firamare.

Zaurance

A zaurance ba siffar abu ake ɓoyewa ba, kalmar kanta ake wargazawa. Wani salon yakan cusa wata gaɓa bayan kowace gaɓa, ta yadda "Ina zuwa" zai koma "Idanada zudawada". Wani kuma yakan juya gaɓoɓin, ta ƙarshe ta dawo farko. Kowace tawagar samari ko 'yammata na iya ƙirƙirar nata. Mai son kwancewa sai ya saurari sautin da ke ta maimaituwa fiye da kima, ya cire shi, abin da ya rage shi ne maganar. Idan babu mai maimaituwa, to juyi aka yi. Darasin da zaurance ke bayarwa shi ne cewa kalma tana da gaɓoɓi da za a iya kwancewa a sake ɗaurawa, kuma kunnen Bahaushe a kan gaɓa yake aiki, ba a kan harafi ɗaiɗai ba. Wannan zai yi amfani nan gaba.

Zauren malamai

Malamai ba su ɗauki jefa tambaya mai ɓoyayyiyar amsa a matsayin wasan yara ba. A cikin Sahihul Bukhari, a littafin ilimi, an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba kuma misalinta kamar Musulmi ne. Hankalinsu ya tafi ga itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ne, amma kunyar manya ta hana shi magana. Ko a nan, amsar tana kusa, masu nema ne suka tafi nesa. Daga baya malaman fiƙihu suka mayar da abin fanni, kamar Ibn Farhun, malamin Malikiyya na Madina, da ya tara tambayoyin fiƙihu masu sarƙaƙiya a littafi guda. Muƙamatul Hariri da ɗalibai ke karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato shi ma cike yake da irin wannan wasa da harshe.

Amma abin da ya fi kama da ɓoye amsa a cikin haruffa a rubutun ƙasar Hausa shi ne ramzi. Marubutan waƙoƙin ajami, musamman tun daga zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sukan rufe waƙa da faɗin shekarar da aka gama ta, amma ba da lamba ba. Sukan ƙera wata kalma, sau da yawa marar ma'ana, wadda idan aka tara ƙimar haruffanta za a sami shekarar Hijira. Kowane harafin Larabci yana da lambarsa a hisabin abjadi: alifi 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har ya 10, sai kaf 20, lam 30, mim 40, nun 50, a ci gaba har dubu.

Matakin farko na warwarewa shi ne gane kalmar. Tana zuwa ne a baitocin ƙarshe, kusa da ambaton Hijira ko shekara ko ramzi, kuma yawanci ita ce baƙuwa a cikin baitin, ba Hausa ba, ba Larabcin da aka sani ba. Sai a zubar da wasula a riƙe baƙaƙe kamar yadda aka rubuta su da ajami, a tara.

A nan ne masu koyo ke faɗawa rami, domin hisabin iri biyu ne. Na Gabas, wanda ke cikin yawancin littattafan da aka buga a Masar da Lebanon, ya ba shin 300, sin 60, gain 1000. Na Magrib, wanda malaman ƙasar Hausa suka gada tare da rubutun Warshu da mazhabar Maliku, ya ba shin 1000, sin 300, sad 60, gain 900. Bambancin haruffa shida ne kacal, amma ya isa ya jefa mutum cikin wani ƙarni. A ɗauki shekarar da Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, wato 1218, wadda ta yi daidai da Fabrairun 1804. Mai son ɓoye ta zai iya haɗa shin da ra da ya da ha ƙarami: 1000 da 200 da 10 da 8. Wanda ya lissafa haruffan nan da hisabin Gabas zai sami 518, ya yi kuskuren shekara 700 cif. Saboda wannan tsari ne ake yawan ganin shin da ra tare a ramzin waƙoƙin ƙarni na 13 na Hijira, tun da su biyun ne ke ba da 1200. Da aka shiga ƙarni na 14, sai shin da sin suka karɓe su. Shekarar 1320, wadda a cikinta Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903, shin da sin da kaf ce. Jerin haruffan ba shi da tasiri a kan jimla, don haka mawaƙi na da damar jujjuya su har su zauna a kan karin waƙarsa, ko ma su ba da kalma mai ma'ana, wanda shi ne ƙololuwar gwaninta.

Rami na biyu na zamani ne. Idan an juya waƙa daga ajami zuwa boko, harafin "h" guda yana iya zama mai 5, ko mai 8, ko mai 600. Harafin "s" yana iya zama mai 300, ko 60, ko 500. Wanda ke da kofen boko kaɗai dole ya gwada kowanne ya ga wace jimla ce ta faɗa cikin rayuwar mawallafin, kuma mafi aminci ya koma ga takardar ajamin. Idan an sami shekarar Hijira, ana kusantar ta Miladiyya ta hanyar ninka ta da 0.97 a ƙara 622. Ramzi ya wuce ado, domin da shi masu bincike suke gane lokacin da aka rubuta waƙoƙi da dama da ba su da wata shaida.

Wata dabarar ita ce ɓoye saƙo a farkon baitoci. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, tana da waƙar da ta mayar wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ita, wadda idan aka tsinci harafin farko na kowane baiti aka jera, za a sami ayar Suratul Inshirahi mai albishir da sauƙi tare da tsanani. Mai karanta baitocin a kwance zai ji waƙa, mai karanta gefensu daga sama zuwa ƙasa zai ga aya.

Gidajen kalmomi a jarida

Wasan cike gidaje da kalmomi masu gicciye juna ya fara fitowa ne a jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba, 1913, daga hannun Arthur Wynne, mutumin Liverpool. Tambayoyinsa kai tsaye ne: a ba da ma'ana, a nemi kalma. Da wasan ya isa Ingila sai aka murɗa shi. Edward Powys Mathers, wanda ya riƙa ƙulla wa jaridar The Observer daga 1926 da sunan aro Torquemada, yana cikin waɗanda suka mayar da kowace tambaya ƙaramar kacici-kacici. The Times ta fara nata a Fabrairun 1930. Magajin Mathers, wani malamin makaranta mai suna Derrick Macnutt da ake kira Ximenes, shi ya tsara dokokin adalcin wasan a littafinsa na 1966. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1942, Daily Telegraph ta shirya gasar warware nata cikin minti 12, kuma daga baya hukumar soja ta tuntuɓi wasu daga cikin gwanayen domin aikin fasa saƙonnin sirrin Jamus a Bletchley Park.

Dokar da ta riƙe wasan ita ce kowace tambaya tana da hanya biyu zuwa amsa guda. Akwai ma'anar kalmar, wadda ke zaune a farkon jimla ko ƙarshenta. Akwai kuma umarnin yadda za a gina kalmar daga haruffa. A ƙarshe akan rubuta adadin haruffan amsa. Labarin da jimlar ke bayarwa a zahiri rufi ne kawai, kamar baba da gemunsa. Da wannan doka aka toshe raunin nan na dandali, domin amsar da ta dace da ma'ana amma ba ta dace da gini ba ta faɗi, ba kuma wanda zai yi gardama.

Wannan salo bai kafu a jaridun Hausa ba, alhali harshen yana da kayan aikinsa. A duba wannan: "Abin da aka kai ma sarakuna, a ciki akwai hatsi (6)". Mai karatu zai hango gaisuwar fada. Amma "a ciki" umarni ne, "hatsi" ma'ana ce, kuma idan aka bi haruffan "ma sarakuna" a jere ba tare da kula da tazara ba, masara na kwance a wurin. Haka "Ku rabu, akwai mai dariyar dare a ciki (4)" ta ɓoye kura a haruffanta huɗu na farko.

Wata hanyar ita ce hargitsa haruffa, kuma akan sa kalmar da ke nuna rikici domin ta zama alama. "Katsina ta hargitse, ba nan ba, ba can ba (7)" ba labarin tarzoma ba ne. Haruffan Katsina ne za a sake jerawa su ba da tsakani. Akwai haɗi, inda ƙananan kalmomi biyu ke haifar da ta uku: "Ci haɗe da yawa, abincin doki ne (6)" tana ba da ciyawa. Akwai kuma ma'ana biyu a jere ba tare da wani umarni ba, kuma a nan Hausa ta fi Ingilishi wadata, saboda rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Tsakanin kai da kafaɗa akwai wahala (4)" amsarta wuya, sau ɗaya gaɓar jiki, sau ɗaya tsanani. A baki kalmomi biyu ne mabambanta, a takarda guda ce. Gari da fari da fara da baba da kai duk suna jiran mai ƙulli.

Juyi kuwa sai an sauya masa doka. Turawa harafi-harafi suke juya kalma daga ƙarshe zuwa farko. Kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, saboda haka irin wannan juyi ba ya haifar da komai sai tarkace. Juyin da ya dace da harshen shi ne na zaurance, gaɓa-gaɓa: tafi ta koma fita, baka ya koma kaba, dawa ta koma wada, kira ya koma raki. "Rago ya juya ya zama sanda (4)" amsarta gora, kuma duk wanda ya taɓa yin zaurance zai gano ta kafin ya kai ƙarshen jimlar.

Mai warware irin waɗannan yakan fara da neman kalmar umarni, irin su juya, hargitse, ciki, haɗe, yanke. Idan ya same ta, ya san ma'anar tana ɗaya gefen. Sai ya ƙirga haruffan kalmomin da ke maƙwabtaka da umarnin ya gwada da adadin da aka bayar. Ba ya nacewa a kan tambayar da ta ƙi, yakan wuce ya cike masu sauƙi, domin kowace amsa da ta shiga gidajenta tana bar wa mai gicciye ta harafi ɗaya ko biyu.

Abin da ya rage a daidaita kafin a buga irin wannan wasa da Hausa shi ne ƙirgar haruffa. A abacadar Hausa "ts" da "sh" kowanne harafi guda ne, don haka tsakani na iya zama mai gida bakwai ko mai gida shida, gwargwadon dokar da aka bi. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, dole su sami gidansu dabam da b da d da k, in ba haka ba kafa da ƙafa za su zama abu guda. Duk editan jarida ko malamin makarantar da zai fara, ya rubuta waɗannan dokoki biyu a saman shafi tun daga fitowa ta farko, ya kuma tsaya a kansu.